Gwaggo Mai Almakashi

Allah ya yi wa Gwaggo rasuwa wata Laraba da hantsi, a ɗakinta na Magarya, kuma tun da nake ban taɓa ganin zaman makokin da aka yi dariya irin nata ba. An yi kuka, kada a ce ba a yi ba. Ni kaina har muryata ta dushe. Amma da zarar an shafa fatiha, kafin mai ta'aziyya ya gyara zama, sai ka ji wani ya ce, "Allah sarki Hajiya, ni ma ta taɓa yanke ni," sai wuri ya kaure.

Kawu na Waca, wan mahaifiyata, shi ya fara. Ya leƙo daga zaure har wajen mata, ya cire hula ya nuna wuyansa, ya ce, "Ku dubi nan. Nan ta bi da almakashi, shekarar da na ce man gyaɗarta ya yi ƙauri." Wata tsohuwa da ta zo daga Mallawa ta ce ai shi ya ji daɗi, ita kunne ɗaya kawai aka bar mata. Amaryar Yaya, ɗan Gwaggo, wadda aka kawo daga Kano ba ta daɗe ba, ta kama hannuna tana zare ido, ta raɗa mini, "Anti, wai yankan mutane take yi?" Na ce mata ta kwantar da hankalinta, a hoto ne. Liman ya yi gyaran murya daga zaure don a tuna inda ake, can kuma sai muka ji shi da kansa yana ba maza labarin yadda aka yi da nasa kan.

Gwaggo yayar mahaifina ce, kuma ita ta raine ni. Ita ce ma'ajiyar hotunan danginmu kaf, daga Guci, inda asalinmu yake, har waɗanda suka tsallaka Nijeriya. Duk wanda ya ɗauki hoton suna ko na salla ko na dawowa daga Makka, ya san inda zai kai guda. A cikin kwallayenta take jera su, waɗannan manyan masu zanen fure da ke saman kabad, ba a zuba musu abinci. Idan yaro ya zo hutu daga ƙauye, kafin ya sha ruwa za ta sauke kwalla ta ce, "Zo ka san mutanenka, kada ka zage su a kasuwa."

Tana da faɗa, kuma faɗanta iri biyu ne. Akwai na baki, wanda ake ji har bakin titi, wannan ba ya kwana. Akwai kuma na shiru. Idan ka ɓata mata rai da gaske ba za ta ce maka uffan ba. Za ta shimfiɗa tabarma a tsakar gida, ta sauke kwalla, ta nemo hoton da kake ciki, ta bi wuyanka da ɗan almakashinta na ɗinki a tsanake, ta cire kan, ta jefa shi cikin wani gwangwanin tumatir. Ranar da ta huce sai ta jiƙa ƙaro ta manna maka kanka. Ba ta cika dacewa da wurin ba, shi ya sa rabin danginmu a hoto wuyansu a karkace yake, kamar masu sauraron gulma. Mu yara ko kwano muka fasa, abin da za ta ce shi ne, "Zan ɗauko almakashi fa," sai kowa ya shiga taitayinsa.

Amma yankan bai taɓa hana ta alheri ba. Tsohuwar nan ta Mallawa, lokacin da ta haihu kanta na cikin gwangwani, Gwaggo ce ta hau motar kasuwa ta je ta zauna mata wankan jego, ta dama mata kunun kanwa har ta yi arba'in. Da ta dawo na ce, "Gwaggo, to a manna mata kanta mana." Ta ce, "Jego daban, wannan daban. Ba ta ba ni haƙuri ba tukuna."

Kan mutum ɗaya ne bai shiga gwangwani ba, shi ne na mahaifina.

Ina goye aka yi abin. Damina ta yi gardama, Baba ya tafi Kano neman abin da za a ci. Kakarmu, mahaifiyarsu, ta kwanta ciwo a Guci, aka yi ta aika masa, bai zo ba sai bayan ta rasu an yi sadakar arba'in. Wasu sun ce saƙon ne bai same shi ba, wasu sun ce ba shi da na mota kuma kunya ta hana shi faɗa. Gwaggo ba ta tsaya jin ko ɗaya ba. Ya durƙusa ya gaishe ta, ta juya masa baya. A gabansa ta sauke kwalla ta cire shi daga duk hoton da yake ciki, ta watsa kawunan a murhu. Ya koma Kano, kafin shekara ta zagayo zazzaɓi ya ɗauke shi, aka binne shi can. Mahaifiyata ta gama takaba ta koma Waca ta yi aure, aka bar ni hannun Gwaggo.

Haka na tashi. Ta soya ƙuli, ta tatsi mai, ta sa ni lekol, makarantar boko, har na zama malama. Sunan mahaifiyarta aka sa mini, don haka ba ta taɓa kiran sunana ba, sai dai "Uwata". Ban rasa komai a hannunta ba sai abu guda: ban san fuskar ubana ba. Na san rigarsa mai aska biyu, na san agogonsa, na san ya fi Gwaggo tsawo. Daga wuya zuwa sama kuwa rami ne, in na ɗaga hoton sai in hango katangar gidanmu ta ciki. Idan na tambaye ta kamanninsa, sai ta ce, "Mutum ne mai kai ɗaya kamar kowa," ta tashi ta kama wani aiki. Abin ya ci mini rai shekaru, na kuma iya ɓoye shi.

Bara ne, da idonta ya fara yana, hotunan kuma suka fara cin kansu, wasu sun yi ja, wasu gara ta lasa, na ce bari in ɗauke su da wayar salula in tura wa dangi kafin su ƙare. Ina tsakar gida ina fama, hasken rana na ta wulƙawa a kan takardar, ta zauna tana kallona. Can ta ce, "Uwata, wannan abin naku yana cin baƙaƙen?"

Na ce, "Waɗanne baƙaƙe?"

Ta sa na sauke kwallar can ƙasa, wadda ban taɓa ganin an buɗe ba. A ciki akwai ƙunshin tsohon zane. Ta kwance, sai ga baƙin fim, irin wanda masu hoton dā suke wanke hoto daga jikinsa, fala-fala masu kusurwa huɗu, kowanne ya kai tafin hannun yaro, an raba tsakaninsu da ƙyalle. Ashe mai hoton Magarya na wancan zamani, in ya ba ka hotonka, yakan haɗa maka da baƙin a ambulan. Mutane suna yarwa, ko yara su yi wasa da shi. Gwaggo ba ta yar da ko ɗaya ba, kuma ba ta taɓa kai musu almakashi ba.

"Hoto takarda ce," in ji ta. "Wannan kuwa inuwar mutum ce. Ko na yi fushi ban kai ga yanka inuwar ɗan'uwana ba."

Na ɗaga ɗaya sama. Ga riga mai aska biyu, ga agogo, ga kuma kai a kan wuya. Sai dai komai a juye yake, fuska fara fat, haƙora baƙi, idanu kamar na mage a duhu. Ba za ka ce ga kamannin mutum ba. Ranar na yi mata faɗan da ban taɓa yi ba. Na ce, "Gwaggo, shekara da shekaru yana saman kabad ina kwana a ƙarƙashinsa, ba ki faɗa mini ba?" Ta bar ni na gama, sannan ta ce ta taɓa kai su wurin masu hoton zamani tun ina 'yar lekol, suka ce an daina wanke irin wannan, mai yi ya mutu. "In nuna miki dodo in ce ubanki ne? In akwai injin da zai juyo shi, nemo. Ina so a yi ina da rai."

Daga ranar gidanmu ya koma majalisar injin sikana, mai kwafar hoto ya zuba a kwamfuta. Tsohuwar da ba ta yarda da rediyo ba sai ta ji labari daga bakin mutum, ita ce ta wayi gari tana tambayar kowa, har mai kawo mana ruwa, ko ya san injin da ke cin baƙin hoto. Na kai ɗaya lekol ɗinmu na sa a sikanar ofishin darekta, wadda ake kwafar takardu da ita. Abin da ya fito baƙi ne ƙirin, kamar gindin tukunya. Na dawo na nuna mata, ta ce, "Wannan injin makaho ne, a nemi mai ido."

Yaya, ɗanta da ke kasuwanci a Kano, ya ji labari ya ce a bar masa. Bayan mako ya aiko direba da wani ɗan akwati, ya bugo waya yana cika baki, wai an ce masa don baƙin fim aka yi shi musamman. Gaskiya ne kuwa, amma don siririn fim na baya-bayan nan, mai huji a gefe. Namu ko bakin ƙofar bai shiga ba. Na gaya masa, ya ce, "To ku ɗan rage gefen mana da almakashi, ai Hajiya gwana ce." Gwaggo ta karɓe wayar. Ban ji abin da ya ce ba, nata kawai na ji: "Kai, ka ci sa'a idona ba ya ganin wuyanka yanzu." Ta miƙo mini wayar, ta ce a mayar masa da akwatinsa ya ajiye goro a ciki.

Ni kuma na zauna na yi bincike har na gane abin da muke nema. Sikanar takarda daga ƙasa take haskawa, hasken ya dawo mata. Baƙin fim kuwa sai haske ya ratsa shi ta baya, kamar yadda na ɗaga shi ga rana. Don haka sai mai fitila a cikin murfi, kuma fitilar ta zama mai faɗin da za ta rufe manyan irin namu. Na yi wa Gwaggo bayani, ta ce, "Wato mai rana a murfi." Na ce haka ne. Aka ce mini akwai wani kanti a Damagaram da ke da irinta. Na ce zan je ranar Asabar.

"Za mu je," in ji ta.

Na ce ƙafarta, na ce hanya, na ce zafi. Kafin in idar ta sa an ɗauko mata mayafinta na zuwa biki. Ta ce ita ba ta taɓa sayen tukunya ba ta ƙwanƙwasa ba, ba kuma za ta ba kowa ƙunshin nan ya fita da shi daga gabanta ba, ko da ni ce.

Ban taɓa ganin Gwaggo cikin murna irin ta wannan tafiya ba. Tun daga tashar Magarya ta sanar da duk motar inda za mu da abin da za mu sayo. Kafin mu yi rabin hanya fasinjoji sun rabu biyu, masu cewa zai yiwu da masu cewa ƙaryar 'yan birni ce. Wani dattijo ya ce shi ma yana da irin baƙaƙen nan na mahaifinsa, matarsa na tokare ƙafar gado da su. Gwaggo ta yi masa tatas, ta ce in ya koma ya ciro su ya nemi gafara. Ta raba wa kowa ƙuli, har direba.

Mai kantin mutum ne mai haƙuri, Allah ya saka masa. Ya nuna mana iri-iri: mai haɗe da injin buga takarda, mai zuƙe hotuna da yawa a jere, da wata siririya mai kyan gani. Gwaggo ta ƙi kallon ko ɗaya. Kowacce ya taɓa sai ta ce, "Ɗana, buɗe murfin." Ta shafa cikin da tafin hannu. "Babu rana a nan. Wuce." Da aka zo kan mai zuƙe hotuna ya ce tana da sauri, ta ce ita ba ta ba injin da ke haɗiye mutane danginta, in ya shaƙe da Kawu fa? A ƙarshe ya sauko da wata ƙatuwa daga saman kanta, ya share ƙura, ya zare farin allon da ke cikin murfin, sai ga gilashi mai faɗi a bayansa. Na gwada faɗinsa da ido na ga zai ɗauki namu.

Ya ce, "Mama, kawo ɗaya mu gwada."

Na miƙa hannu ga ƙunshin, na san wanda nake so. Ta buge mini hannu. Ta lalubo wani daban, na Kawu, ta ce a fara da wanda in ya ƙone ba a yi asara ba. Mai kanti ya haɗa injin da ordinatarsa, wato kwamfuta, fitila ta bi ta kan fim ɗin a hankali tana ƙugi. Ya danna wani wuri, baƙi ya koma fari, fari ya koma baƙi. Sai ga Kawu na Waca yana saurayi, da gashin baki da tabarau, wuyansa a miƙe sak. Na yi ihu a kantin mutane. Gwaggo ta rangaɗa guɗa, har masu wucewa suka leƙo suna tambayar ko ɗaurin aure ake.

Na ce, "Gwaggo, saura na Baba. Don Allah yanzu."

Ta ɗaure ƙunshinta tam. "A kanti? Gaban mutane? Ba a kasuwa za ki fara ganin ubanki ba. A gida, kin yi wanka."

Na so in yi kuka don haushi. Haka muka biya kuɗin injin muka kamo hanya, sikana a kan cinyata don ta hana a ɗora ta saman mota tare da buhunan wake, ita kuma tana ba sabbin fasinjoji labarin gashin bakin Kawu.

Washegari da safe na yi wanka na sa atamfata ta salla, don ta ce ba za a yi da kayan aikin gida ba. Na haɗa sikana da ordinatata a ɗakinta, sai aka ɗauke wuta. Muka zauna muna kallon ƙwan fitila kamar masu jiran wata. Ta aika maƙwabta su tambayo ko unguwar gaba akwai, ta yi wa masu wutar addu'ar shiriya da muryar da ba ta yi kama da addu'a ba. Sai bayan azahar fanka ta motsa. Ta ce in rufe ƙofa, daga ni sai ita.

Ita ta zaɓo fim ɗin da hannunta, ta san shi da wani lanƙwasa a kusurwa. Na hure ƙurar da ke kai, na kwantar da shi a kan gilashi, na rufe murfi. Injin ya fara ƙuginsa. Wallahi tafiyar fitilar nan ta fi mini hanyar Damagaram tsawo. Da ya gama na kasa dannawa, sai da ta ce, "Me kike jira, Uwata?" Na danna.

Yaro ne. Abin da ya fara zo mini ke nan. Ni da na girme shi yanzu nesa ba kusa ba, ina ta jiran dattijo, sai ga saurayi da hula a karkace, yana dariya har ana ganin wushiryarsa, ido ɗaya ya ɗan fi ɗaya ƙanƙancewa. Na san wannan dariyar. Na san wannan idon, kullum ina sa masa kwalli.

Na ƙara girman hoton har fuskar ta cika gilashin ordinata, na matso da ita gaban Gwaggo. Ta sa tabarau, ta kai hancinta dab, ta ja baya, ta sake matsowa. Ta daɗe. Sannan ta cire tabaran ta ajiye a cinya.

"Yana dariya?"

"Yana dariya, Gwaggo."

"Hular a karkace?"

"A karkace."

"To shi ne. Bai taɓa iya sa hula ba."

A nan na gane ba ta ganin komai sai hazo, kuma ko na Kawu a kanti ihuna ta bi ta yi guɗa. Na fashe da kuka, na ce duk wannan wahala, duk wannan tafiya, ga shi ya fito kuma ba ki gan shi ba. Ta laluba ta kama haɓata ta girgiza, yadda take yi mini ina ƙarama.

"Wa ya ce miki don ni aka sayo? Ni da nake ganinsa kullum tun ranar da aka ajiye mini ke? Na ƙona takarda, Allah ya aiko mini da shi yana yawo a tsakar gidana yana cin tuwona. Ke ce ba ki gan shi ba, kuma ni na hana ki. Tashi ki gaida ubanki."

Na sauka daga kujera na durƙusa a kan tabarma, mace da 'ya'yanta, gaban inji. Na ce, "Baba, ina wuni." Na sake faɗa.

Gwaggo ta juya fuskarta wajen bango tana gyara ɗankwali. Can ta ce, a hankali, da muryar da ban san tana da ita ba, "Ki ce masa na ji saƙon bai same shi ba. Ki ce na huce tun kafin ya kai tasha, girman kai ne ya hana ni aika yaro ya kira shi."

Na faɗa masa, kalma bayan kalma, yadda ta ce.

Ba ta ga kakar bana ba. Ya Allah, ga baiwarka nan ta zo, mai faɗa ce, mai riƙon zumunci ce, ta ci da maraya daga tafin hannunta. Ka yafe mata, ka yalwata mata makwanci, ka haskaka idonta. Ka kuma haɗa ta da ƙanenta, don saƙon nan na isar da shi iyakar iyawata, amma ya fi kyau ya ji daga bakinta.